Anti, an ba mu takardar antirofoloji kuma kaina ya kulle

Wannan satin kamar an haɗa baki, ina buɗe akwatin saƙo sai 'yan aji ɗaya ta ko'ina, kuma kusan kuka ɗaya suke yi, an ba su takardar bincike a kwas ɗin antirofoloji, ranar kai wa malami ta matso, kai ya kulle. Na tsamo guda biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo don akwai wanda sallama da gaisuwarsa kaɗai sun kusa cin shafi. Sunaye na cire kamar yadda muka saba.

Don wanda bai taɓa jin sunan ba, antirofoloji ilimi ne na nazarin ɗan Adam gaba ɗayansa, zamansa da mutane da al'adunsa, harshensa, jikinsa da ƙasusuwansa, da kuma abin da magabata suka bari binne a ƙasa. A jami'o'in Amurka haka ake raba shi gida huɗu tun zamanin wani babban masanin fannin, Franz Boas, a Ingila kuwa an fi ba da ƙarfi a ɓangaren zamantakewa. Tambayoyin da suka zo min duk na ɓangaren al'ada ne, to nan za mu tsaya.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni 'yar aji ɗaya ce, lakcaranmu ya ce kowa ya rubuto takardar bincike shafi takwas kuma mu zaɓi tofik da kanmu. Ni sai na zaɓi "Kyauta a al'adun duniya", na zauna na tara bayanai daga intanet sun kai shafi ashirin, da na kai masa ya duba min sai ya ce wai wannan tarkace ne na tara ban rubuta komai ba. Wallahi sai da na yi kuka a hostal. Me ya rage in yi?

Amsa: Ƙanwata share hawayenki. Malamin ya yi miki kaushin baki, wannan gaskiya ne, amma abin da ya faɗa haka yake, kuma gara ki ji shi yanzu da ki gan shi a allon sakamako. Ni ma an yi min. Takardata ta farko a jami'a kwana uku na yi ina haɗa ta, na sa mata bango mai kyau har da ɗan zane, da ta dawo hannuna na buɗe shafi na ɗaya ba komai, na biyu ba komai, na fara murna, sai can ƙarshe na ga malamin ya rubuta kalma uku da jan biro: "To sai me?" Na fi sati ina jin haushinsa. Yau ni ce nake rubuta wa yara kalmomin nan uku, Allah Ya yafe mana.

Inda kika maƙale shi ne kin tsaya a tofik. "Kyauta a al'adun duniya" gona ce da ko farfesa ba zai nome ta a shafi takwas ba, balle ke da aka ba ki sati uku da wasu kwasa-kwasan a kanki. Daga tofik sai kin ciro tambaya guda ɗaya, ƙarama, wadda ke kanki ba ki san amsarta ba tukuna, sannan bayan kin yi karatu ki tsaya a kan amsa ki ce ga matsayata. Matsayar nan ita ce takardar, sauran duk shaidu ne kike kirawo mata.

Bari in ba ki misali da mutumin da na tabbata sunansa na cikin handawut ɗinku, Bronislaw Malinowski, ɗan Folan ne da ya yi karatu a Landan. Yaƙin duniya na ɗaya ya ritsa da shi a can yankin Ostireliya, ya je ya zauna a tsibiran Trobriand da ke gabashin Niyu Gini tsakanin 1915 da 1918, ya kafa tantinsa a cikin ƙauye ya koyi yarensu. Mutumin nan ya ga abubuwa ba iyaka, noman doya, aure, sihiri, sarauta, makoki, amma littafin da ya fitar a 1922 a kan abu ɗaya ya gina shi, wata musaya da mutanen ke kira kula. Za su sassaƙa kwale-kwale su ratsa teku, tafiyar da ana iya barin rai a cikinta, don kawai su karɓo sarƙar wuya ja da munduwar dantse fara waɗanda aka yi da ɓawon katantanwar teku. Sarƙoƙin suna zagaya tsibiran yadda hannun agogo ke tafiya, mundayen kuma suna bin ɗaya hannun, kuma wanda ya karɓa ba ya zama da abin, bayan wani lokaci dole ya miƙa wa abokin hulɗarsa na gaba. To ga tambayar: me zai sa mai hankali ya sa ransa a haɗari saboda abin da ba a ci, ba a kai shi kasuwa, kuma ba zai ma zauna a hannunsa ba? Kin ga wannan tambaya ce, mutum na jinta zai so ya ji amsa. Amsar da ya bayar ta shafi suna da daraja da amanar da ke ƙulluwa tsakanin mutanen tsibirai masu nisa da juna, kuma a gefen wannan musayar ta girma ake yin cinikin kayan yau da kullum.

Sai wani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya zo a 1925 ya ɗauki labarin kula ya haɗa da misalai daga wasu wuraren ya ce ai kyauta ba ta tafiya ita kaɗai, wajibi uku take ja: ka bayar, ka karɓa, ka rama. Kuma ki lura shi wannan aikin a cikin littattafan wasu ya yi shi bai shiga kwale-kwalen kowa ba, don haka takardar da aka rubuta daga laburare ita ma takarda ce, kar wani ya raina miki.

Yanzu dubi bambancin jimlolin nan biyu. Ta farko: "Kyauta tana da muhimmanci a rayuwar ɗan Adam." Wa zai musa? Ba kowa, shi ya sa ba ta da amfani. Ta biyu: "A takardar nan zan nuna cewa a musayar kula jinkirin ramawa shi ke riƙe zumunci, don da za a biya nan take da hulɗar ta mutu a wurin." Wannan wani zai iya tashi ya ce ban yarda ba, kuma ke kina da abin da za ki kare a shafi takwas. Duk matsayar da ba wanda zai iya ja da ita ki sake lale.

In kuma kina son ki burge malamin da gaske, akwai wata Ba'amurkiya Annette Weiner da ta je tsibiran nan dai a 1971, ta tarar mata suna da tasu dukiyar, ƙunshin busasshen ganyen ayaba da siket na zare da suke rabawa da yawan gaske a lokacin makoki, abin da Malinowski bai ba shi wani muhimmanci ba saboda idonsa na kan maza da kwale-kwalensu. Littafinta ya fito a 1976. Ki ajiye su biyun gefe da gefe ki tambaya, me ya sa mutum biyu suka je wuri ɗaya kowa ya dawo da nasa labarin? Ga takarda nan ta fito, kuma ba ki bar maganar kyauta ba.

Shafi ashirin ɗin da kika tara kuwa kar ki yaga. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina yi musu tambayar jan biro, to sai me, wanda ya taimaki matsayarki ya zauna, wanda bai taimaka ba ya fita ko da kin sha wuya kafin ki samo shi, nan ne yake da ciwo na sani. Kowane sakin layi ki ba shi aiki ɗaya, ki faɗi abin da kike so ki nuna, ki kawo shaida, sannan ki yi magana da bakinki a kan shaidar, wannan na ƙarshen shi ɗalibai ke tsallakewa kuma shi ne inda makin yake. Sannan don Allah don Annabi kar ki buɗe da "Tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake…" Na karanta wannan jimlar har ta fara zuwa min a mafarki.

Tambaya: Anti ina wuni. Ni ba ni na zaɓi tofik ɗina ba raba mana aka yi, sai na faɗo a kan maita a wurin mutanen Azande. Gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Malamar ta ce kar mu yanke wa al'adar kowa hukunci, to ni in na cika shafuka ina bayanin maita ban ce shirme ba ne, ba kamar na yarda da abin ba ke nan?

Amsa: Ƙanena ka taɓa ganin tafinta a kotu? Mutum zai yi magana shi kuma ya juya ta daidai yadda aka faɗa, ko da a ransa bai gaskata ko kalma ɗaya ba, kuma ba wanda zai ce ya zama abokin laifi. Ranar da ya fara sa nasa ra'ayin a bakin mai magana ranar ya ɓata aikinsa. To aikin da aka ba ka ke nan, imaninka na nan a inda yake ba wanda ya ce ka taɓa shi.

Kuma ka yi sa'ar tofik ba ka sani ba. Wanda ya yi rubutu mafi shahara a kan Azande shi ne Evans-Pritchard, Baturen Ingila, ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1920 a yankin da yau yake cikin Sudan ta Kudu, littafin ya fito a 1937. Shi kansa ya faɗa ƙarara cewa bai yarda akwai mayu yadda suke faɗa ba, amma bai tsaya nan ba ya koma gida, ya tambaya, to wane aiki wannan tunanin yake yi musu? Misalinsa da kowa ke kawowa shi ne na rumbu. Rumbunansu a kan ƙafafun itace suke, da rana ta take mutane kan zauna a ƙarƙashi su sha inuwa, gara kuma tana nan tana cin itacen a hankali, wata rana sai rumbu ya rufto ya danne mutane. Mutumin Azande ya san gara ce ta ci itacen, ya san zafi ne ya kai mutane ƙarƙashin, ba sai wani ya zo daga Ingila ya koya masa wannan ba. Abin da yake tambaya daban ne: me ya sa rumbun ya faɗo daidai lokacin da waɗannan mutanen ne ke zaune, bai faɗo da safe ba da ba kowa, bai jira gobe ba? Wani zai ce arashi ne, wani ya ce tsautsayi, su kuma nan suke sa maita. Ka ga ashe tambayar da suke yi kowane ɗan Adam na yin ta in masifa ta faɗa masa, me ya sa ni, me ya sa yau, amsar ce ta bambanta.

Akwai wani wurin ma da ya fi daɗin rubutu. Ya lura cewa zargin maita ba ya faɗawa kan baƙo na nesa, kan maƙwabci yake faɗawa, wanda dama akwai 'yar tsama ko hassada a tsakani, kuma talaka ba ya zargin ɗan sarauta. Da wannan kaɗai za ka iya kafa matsaya, ka ce zargin maita a wurin Azande yana nuna inda zaman tare ya yi tsami da kuma inda iko ya ja layi. Ba ka ce maita gaskiya ce ba, ba ka kuma zagi kowa ba, kuma ka faɗi abin da ke da ma'ana.

Abin da malamarku ke nufi da kar a yanke hukunci, daga Boas da ɗalibansa ya samo asali, suna faɗa ne da masanan da suka gabace su irin su Tylor da Frazer waɗanda suka jera al'ummun duniya kamar matakalar bene suka ɗora Turawa a sama, yawancin abin da suka rubuta ma daga rahoton matafiya da 'yan mishan suka samo shi. Boas ya ce ka fara fahimtar abu a cikin gidansa kafin ka auna shi da mudun gidanku. Wannan hanyar aiki ce, ba ta nufin komai aka yi a duniya daidai ne, su kansu masanan suna ta jayayya a kan inda za a tsaya in al'ada na cutar da mutane. In ka ga cutarwa kana iya faɗa, amma bayan ka gama bayani, kuma da hujja.

Kalmomin da za su ci maka maki ka kiyaye su: "marasa wayewa", "mutanen daji", "waɗanda aka bari a baya". A 1956 wani malami a Amurka, Horace Miner, ya rubuta 'yar maƙala a kan wata ƙabila wai ita Nacirema, masu ɗakin tsafi a kowane gida, da akwatin layu a jikin bango, kullum da safe suna cusa wani ƙunshin gashi a baki suna gogawa, lokaci-lokaci kuma su je wurin bokan baki ya huda musu haƙora suna jin azaba amma su koma. Ɗalibai sukan karanta suna Allah wadai da wannan duhun kai, sai daga baya a ce su karanta sunan daga ƙarshe zuwa farko, ashe Amurkawa ne, banɗaki ne da buroshi da likitan haƙori. Laifi tudu ne dai.

Abu na ƙarshe, kar ka rubuta "Azande suna yin kaza" kamar jiya aka je aka gani. Abin da Evans-Pritchard ya gani ya kusa shekara 100, mutanen suna nan da ransu da makarantunsu da wayoyinsu, sun ga mulkin mallaka sun ga yaƙe-yaƙe. Ka riƙa sa lokaci, ka ce a zamanin da ya zauna da su.

Tambaya: Anti wai dole sai mutum ya je wani ƙauye mai nisa ya zauna kafin ya yi binciken antirofoloji? Malaminmu ya ce mu yi ɗan binciken gani da ido na sati biyu, ni kuma ba kuɗin tafiya gare ni ba kuma a gida ba za a bar ni ba.

Amsa: Ina, ƙanwata, ba inda za ki. Duk inda mutane suka taru suna bin wata doka da ba a rubuta ba, nan filin bincike ne. Wata ɗalibata ta taɓa yin nata a kan soket ɗin cajin waya na ɗakin lakca, da ta faɗa min sai da na yi dariya, amma takardar ta fi ta kowa a ajin. Ɗaki ne babba soket uku kawai ke aiki, ta zauna a kujerar baya sati biyu da littafinta tana kallo. Ta gano ba a cire wayar mutum sai cajinta ya wuce rabi, in ka cire ƙasa da haka faɗa ne, amma 'yan ajin gaba suna cire ta 'yan aji ɗaya ba ko sannu kuma ba mai cewa uffan. Ta gano wanda ya ba ka aron caja yau, gobe ba sai ya roƙa ba za ka riƙe masa kujera, in ba ka riƙe ba za a ce ba ka da kirki ko da yake ba wanda ya taɓa yin wannan alkawarin da baki. Akwai wani yaro da kullum shi ke zuwa da doguwar waya mai baki huɗu, ta ce har wakilin aji bai kai shi faɗa a ji ba. Ta ɗauko maganar Mauss ta bayarwa da ramawa ta ɗora a kai, zam ta zauna.

Yadda za ki yi, ki raba shafin littafinki gida biyu. Hagu abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, da ƙarfe nawa, mutum nawa, wa ya ce me. Dama kuma abin da kike zaton yana nufi. Kar ki bari su cakuɗe, don "ta yi fushi" fassararki ce, abin da kika gani shi ne ta fizge cajarta ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Kuma ki rubuta a ranar, in kika kwana rabi ya gudu.

Kallo kaɗai ba ya isa sai kin tambaya. Clifford Geertz ya kawo wani misali a 1973, wanda shi ma aro ya yi daga wani masanin falsafa Gilbert Ryle: yara biyu sun ƙifta ido, ɗaya idon ne ke masa rawa, ɗayan kuwa kashe wa abokinsa ido ya yi don sun ƙulla wani abu, sai ga na uku yana kwaikwayon na biyun don ya tsokane shi. A kyamara duk abu ɗaya ne, fatar ido ta sauka ta tashi. Sai wanda ya san yaran ya san abin da ke tsakaninsu zai bambance. Bayanin da ya kai ga wannan bambancin shi Geertz ya kira bayani mai kauri, kuma shi malaminku ke nema.

Sai maganar amana, wannan ba wasa a ciki. Duk wanda za ki yi wa tambayoyi ki gaya masa aikin makaranta ne kuma yana da damar ya ƙi, kar ki naɗi muryar kowa a ɓoye, ki canza sunaye a takardar, ki bar ƙananan yara da duk abin da zai iya jefa wani a matsala in ya fita. Jami'o'i da yawa suna da kwamitin da ke ba da izini kafin a yi bincike a kan mutane, ki tambayi malamin ko naku aikin na buƙata. Ki kuma sa 'yan layuka a kan ke kanki, wace ce ke a wurin, sun san ki ko ba su san ki ba, don hakan na canza abin da za a gaya miki. Shi kansa Malinowski da aka buga littafin sirrinsa a 1967, shekara 25 bayan rasuwarsa, an ga yadda yake ƙosawa da mutanen har yana rubuta munanan kalamai a kansu, tun daga nan aka daina ɗaukar mai bincike kamar wani tsarkakakken madubi.

Tambaya: Anti gaskiya ni Wikipedia da ChatGPT nake amfani da su, abokina ya ce za a kama ni. Kuma wannan abin na sa sunan marubuci da shekara ni ban gane masa ba, in na juya maganar da kalmomina ai ta zama tawa ko?

Amsa: Ba ta zama taka ba ƙanena, riga ka canza mata kawai. Ko ka kwafo kalma da kalma ko ka juya, in dai tunanin na wani ne sai ka faɗi mai shi, bambancin kawai in kalmominsa ne ka ɗauko sai ka sa su cikin alamar zance ka ƙara da lambar shafi. A antirofoloji an fi bin salon Chicago na suna da shekara, wasu malaman kuma APA suke so, ka duba takardar da aka ba ku ta asaimen ɗin, wanda aka ce shi za ka bi daga farko har ƙarshe. Akwai manhaja kyauta Zotero da ke jera maka su. Kuma tun kana karatu ka riƙa rubuta shafin da ka samo abu, neman shafi ana gobe za a kai takarda ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Wikipedia ka shiga ka gane kan zance, sannan ka gangara ƙasa ka ga littattafan da suka dogara da su ka bi waɗannan, ita kanta kar ka sa ta a matsayin hujja. Google Scholar da JSTOR nan ne maƙalun da masana suka tantance suke, ka tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku na da rajista, mutanen nan suna zaune ba mai tambayarsu komai alhali sun san abubuwa. ChatGPT kuwa matsalarsa yana iya ƙirƙiro maka sunan littafi da marubuci da shekara har da shafi, komai tsaf, a je a duba babu shi a duniya. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman wata maƙala da ɗalibi ya sa, ashe ba a taɓa rubuta ta ba, kuma da na kira shi bai iya faɗa min ko me takardarsa ta ce a shafi na biyu ba. Duk abin da ba ka buɗe da hannunka ka karanta ba kar ya shiga takardarka, kuma ka tambayi dokar makarantarku a kan irin waɗannan manhajojin.

Ko littafin gaske ne ma ka duba ko an yi jayayya a kansa. Margaret Mead ta fitar da nata a kan 'yan matan tsibiran Samowa da ke tekun Fasifik a 1928 ya yi tashe shekara da shekaru, sai Derek Freeman ya fito a 1983, bayan rasuwarta da shekara 5, ya ce ta yi kuskure babba, wasu masanan kuma suka taso masa suka ce shi ma ya wuce gona da iri. Ɗalibin da ya kawo Mead ita kaɗai kamar ba a taɓa cewa komai ba, malami na gani ya san littafi ɗaya ya buɗe.

Tambaya: Anti saura kwana uku kuma ko layi ɗaya ban rubuta ba. Kar ki yi min faɗa don Allah.

Amsa: Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda ka roƙa na yi shiru. Yau ka sake karanta takardar asaimen ɗin da biro a hannu ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ka yi, shafi nawa, madogara nawa, don rabin masu faɗuwa wata tambayar suka amsa ba wadda aka yi musu ba. Ka ɗauki abu ɗaya daga cikin abin da aka riga aka koyar a aji, ba lokacin buɗe sabon daji ba ne, ka nemo maƙala uku ko huɗu, ka karanta gabatarwa da kammalawar kowacce tukuna sannan ka shiga tsakiya inda ya shafe ka. Kafin ka kwanta ka rubuta matsayarka a jimla ɗaya ka manna a bango. Gobe ka rubuta tsakiyar takardar ko da rubutun ya yi muni, kar ka tsaya gyara, gabatarwa ita ce ƙarshen abin da za ka rubuta don sai ka gama za ka san me ka ce. Jibi ka karanta da ƙarfi kana jin muryarka, duk inda numfashinka ya ɗauke jimlar ta yi tsawo, duk inda ka ji kunya ka gyara. Ka tura wa kanka kwafi ta imel kowane dare saboda kwamfuta ta san ranar da take mutuwa, kuma ka buga tun da yamma kar ka bari sai da safe layin masu bugawa ya kai bakin ƙofa. Sunan malamar ma ka duba handawut ka rubuta shi daidai.